Minti Ashirin

Ƙarfe huɗu saura kwata nake hawa motar kamfani,
Chapecó na barci, sanyin Yuli na cizon kunne.
Zakara bai yi cara ba. Wane zakara zai yi cara
a garin da kaji ke shigowa mota-mota, ba sa kwana?

Farar riga, takalmin roba, hular rufe gashi,
safar ƙarfe a hagu, wuƙa a dama.
Layi ya motsa. Ga su nan tafe a rataye,
shanyar da igiyarta ba ta da ƙarshe.
Ni ce mai zare ƙashin cinya.
Na daina ƙirgawa tuni, kafaɗata ke riƙe da lissafi.

Takardar na nan a bango, cikin gilashi:
awa ɗaya da minti arba'in a ɗakin sanyi,
sai minti ashirin, ka fita ka ji ɗumi.
Ta zo a makare ga Jucélia.
Shekara sha ɗaya ta yi a gefena,
yau 'yarta ke taje mata kai, hannun ya ƙi ɗaguwa.
Ranar sallama dariya ta yi, ta ce mini:
"Ivonete, sabo da kaza ba ya hana yanka."

Ashirin ɗin kuwa ƙanƙara ce a tafin hannu.
Uku sun tafi wajen tuɓe safa da yatsun da suka sandare,
biyu a doguwar baranda,
bakwai a layin bayi, ƙofa huɗu, mu sittin.
Ragowar nake kaiwa benci,
inda Neusa ke zagayawa da ƙoƙon ganye mai ɗaci.
Ba don sha nake karɓa ba.
So nake tafina ya tuna shi naman mai rai ne.

Ademir na bakin ƙofa, ido a kan agogo.
Ba na ƙin sa. Shi ma akwai agogo bisa kansa.

Wata Laraba injin ya yi tari, ya tsaya cik.
Shiru ya faɗo mana kamar rufin ɗaki.
Muka kalli juna, ba mu san inda za mu sa hannuwa ba.
A ranar na gano Neusa na da wushirya.

Ƙarfe biyu, a bakin ƙofar fita, nake gamuwa da mijina.
Osmar na shiga, ni ina fita.
Ya miƙo makulli: "Yaron ya yi tari, wake na kan wuta."
Auren ke nan, taku biyar, sai Lahadi.

Da dare hannun damana ba ya jin an tashi.
Yana ta yanka iska a ƙarƙashin bargo,
sai na danne shi da na hagu,
ina lallashi kamar jariri:
kwanta, wannan lokacin namu ne,
ba wanda ke ƙirga shi.

Sai agogon kan teburi.