Awon Wuta a Sheffield

Ƙarfe tara na dare, hawa na huɗu,
ruwan Sheffield na bin gilashi kamar ya rasa masauki.
Kowa ya tafi. Saura ni da shayin da ya huce,
da tambayar da na kwana uku ina goyo:
manhajar nan da na rubuta,
wuta nawa take ci?

Ba wata babba ba ce, lissafin motocin bas take yi,
wacce ta makara a Hillsborough, wacce ta wuce wayam.
Amma da na tashe ta sai fanka ta hau huci
kamar jakin da aka yi wa laftu a hawan tudu.

An ce masarrafa na da mudunta,
can ciki, inda ido ba ya kaiwa,
tana auna kowane ɗigon lantarki da ta haɗiye,
tana ajiye adadin a wani ɗan fayil.
Na yi sallama a ƙofar fayil ɗin.
Allo ya amsa da layi ɗaya, ko sannu da zuwa babu:
ba ki da izini.

Ni da na haifi abin, an hana ni ganin cikinsa.

Da safe na sami Gethin a ɗakin injina,
mai riƙe da makullai, mai rigar sanyi ɗaya tun bara.
Ya ce ba rowa ba ce.
Wanda ya iya kallon yadda injin ke kurɓar wuta,
nan ya sha da yawa, nan ya ɗan tsagaita,
in ya yi haƙuri, zai tsinto kalmar sirrin wani
ba tare da ya taɓa ƙofa ba.

Sai na tuna Goggo Ladidi.
Daga kan tabarmarta take duban hayaƙin maƙwabta
ta ce, gidan Tanko sun yi baƙi, tukunya biyu aka ɗora,
gidan Sambo kuwa yau kwana biyu murhu bai yi zafi ba,
ke, ɗauki kwanon nan ki kai, kada ki ce komai.
Ba ta taɓa leƙa katanga ba.
Hayaƙi ne ba ya iya riƙe baki.

Na cike takarda. Dalili, tsawon lokaci, sa hannun shugaba.
Aka ba ni mako biyu,
karatu kawai, ban da taɓawa,
a injin guda da ke kusurwa, wanda ba ya ajiyar asirin kowa.

Adadin ya fito, yana hawa kamar farashin mai.
Na bi sawunsa layi bayan layi
har na kama ɓarawon, kuma ɗan gida ne:
wani zagaye da na rubuta cikin gyangyaɗi a watan Maris,
yana tambaya sau dubu a daƙiƙa,
bas ta zo? bas ta zo?
Na koya masa zama ya jira a kira shi.
Fanka ta yi shiru har na ji agogon bango.

Ranar da wa'adi ya cika, ƙofar ta rufe da kanta.
Ban yi ƙorafi ba.
Na sauka, na tsaya a tasha, lema ta ƙi buɗewa.
Da na ɗaga kai, hawa bakwai na gininmu
duk fitilunsu a kunne, babu ko mutum ɗaya,
kuma wannan awon
ba ya neman izinin kowa.