Lambar Kaka

A Baucau, ɗakin takardu na bayan asibiti,
fanka na juyi, ba ta kawo iska.
Aniceta ta jawo fayil na goma sha bakwai:
Zeferino Ximenes, shekara goma sha tara,
cinyar hagu, ɗinki arba'in da ɗaya.

Likita ya ja tafiyar tsutsarsa: cizon kada.
Littafin lambobi ya ce W58.
Harafi ɗaya da lamba biyu
sun haɗiye gaɓar tafki, da asuba,
da tarun da aka bari a ruwa.

Amma jiya a baranda ta ji uwarsa.
Ba ta ce kada ba.
A tsibirin nan ba a kiran sunansa gatsal.
Kaka ne, in ji ta, Kaka ya taɓa shi,
ya ɗanɗana, ya gane jininsa.

Aniceta ta bi shafin sama da ƙasa.
Akwai gurbin wuri: bakin ruwa.
Akwai gurbin abin da yake yi: neman abinci.
Babu gurbin dangantaka.
Babu inda za a ce mai cizon
ya girmi asibitin, ya girmi littafin,
ko cewa tsohuwa ta yanka zakara ta nemi afuwa.

Kada ki ƙara, kada ki rage,
haka aka koya mata a Dili.
Ta buga lambar. Na'ura ta karɓa.

A gefen fayil, da fensir,
inda idon mai bincike ba ya kaiwa,
ta rubuta: Kaka ya sake shi.