Laimar Kwaɗi a Turmin Tunau

Turmin da Baba Tunau bai gama sassaƙa ba
yana nan kwance bayan rumbu, a gidanmu na Wurno.
Damina bakwai ke nan yana shan ruwa.
Gizagon kuwa Sa'adu ya kai shi kasuwar Achida,
ba wanda ya ce masa kul,
don cikinmu ba wanda ya iya riƙe ƙotarsa.

Daren Talata marka ta kwana tana zuba.
Da sassafe Ige ta faɗo ɗaki, ƙafa duk caɓi:
"Baffa, taho! Turmin Kaka ya haihu!"

Na bi ta. Na durƙusa.
Ga su nan inda gizago ya tsaya,
daidai bakin saran ƙarshe,
laimar kwaɗi, mitsi-mitsi, cunkus,
babbarsu ba ta kai farcen ɗan yatsa ba.
Ige ta ƙirga ashirin da uku,
ta ɓace, ta sake daga ɗaya.

Kowace da ƙafa guda, siririya kamar tsinken tsintsiya,
da 'yar malfa mai launin shayin da madara ta yi wa yawa,
ɗigon ruwa na rawa a kai.
Na tsinki ɗaya, na kifa ta a tafin hannu.
Ƙarƙashin malfar haƙarƙari ne farare, a jere,
daga cibiya zuwa baki,
kamar warƙoƙin littafin da ba a rubuta komai ba,
ko an rubuta,
ni ne karatuna bai kai can ba.

"Ana ci?" in ji Ige.
Na ce a'a. Ban sani ba, shi ya sa na ce a'a.
Baƙon da ba ka san sunansa ba
ba ka kai shi bakin tukunya.

Malam Ladan, mai koyar da noma, ya leƙo ta katanga,
ya zagayo, goro a kunci,
ya ɓantari itacen da hannu, ya rugurguje kamar dambu.
Ciki fari fat, zare-zare,
kamar gizo-gizo ya kaɗa auduga a ɓoye.
Ya ce, "Waɗanda kake gani 'yan aike ne.
Mai gidan yana ciki, ya daɗe,
shekaru yana ci ba ka jin tauna."

Ni da na gudu Sakkwato na kama ɗinki,
na shekara bakwai ina kauce wa bayan rumbu
kamar mai kauce wa mai bin sa bashi.
Na ɗauka aikin ya tsaya ranar da muka kai shi makwanci.
Ashe an karɓa.
Wani masassaƙi ne, ba gizago, ba gatari, ba gumi,
ba turmi yake nufi ba,
ƙasa yake sassaƙawa.

Kafin azahar rana ta buɗe ido.
Ige ta kawo faifai ta yi musu inuwa,
ta zauna gadi, ta kori kaza sau huɗu.
Duk da haka la'asar ta tarar da su a sunkuye,
malfa ta yamutse, ƙafa ta saki.

Wadda na tsinka kuwa, Malam ya ce a ɗora a baƙin ƙyalle,
a kifa mata ƙoƙo, a bar ta ta kwana.
Da safe muka ɗaga.
Ta bar farin gari, zane-zane, a zagaye,
kamar kan sarki a takardar gado.

Sa'adu ya ce, "Ruɓaɓɓen itace ne, mu faskara,
ko ruwan koko ya tafasa."
Na ce a bar shi.
Ya ce har yaushe?
Na dubi gabas. Hadari na haɗuwa ta wajen fadama.
Ige tuni ta koma bayan rumbu da faifanta.