Layi na Arba'in da Ɗaya

Daren Laraba, a shagon cajin Ɗanlami,
ƙwan sola ya fara lumshe ido,
na buɗe kwamfutar da hedimasta ya ara mini
bayan gargaɗi har sau uku.

Saƙon Sarkin Noma ya shigo tun la'asar,
mutum tamanin da bakwai a dunƙule,
ba hutu, ba numfashi,
kamar an zuba gero da dawa da wake a buhu guda
an ɗaure bakin an ce,
gobe motar taki za ta taso daga Gumel.

A ɗakin farko na rubuta dabarar.
Na ce wa na'ura, inda kika ga waƙafi matsa gefe,
inda kika ga aya ki sauka ƙasa, ki ja sabuwar kunya.
Na danna.

Sai ga su sun watse, sun jeru,
suna a nan, unguwa a nan, buhu a nan, lambar waya can ƙarshe,
kamar garmar shanu ta bi gona bayan ruwan shuka.
Ilu Mai Jaki, Gangare, buhu biyu.
Tasalla Jatau, Bakin Rijiya, ɗaya.
Aikin da ya kan ci wa babana dare uku
da biro da rula da fitilar ƙwai
ya ƙare kafin shayina ya huce.

Layi na arba'in da ɗaya ne ya ƙi zama.
Baba Goshi.
Yadda ta faɗa haka aka rubuta:
Goshi, Tsamiya, buhu ɗaya, in da rai, in babu a ba jikana.
Na'ura ba ta san ta ba.
Ta sa "in da rai" a ɗakin lambar waya,
ta tura jikan can waje,
wani ɗaki da ba shi da suna a ka.

Na kai yatsa zan goge.
Ɗanlami ya ce, batir fa saura ƙiris.
Na tuna ta bara a bakin mota,
ta zauna a kan buhunta tana haki,
yaron yana riƙe mata sanda.

Na hau saman ɗakin nan marar suna
na rubuta masa: Wasiyya.
Tun daga sama har ƙasa fayau yake,
mutum ɗaya ne a ciki.

Na adana.
Ƙwan ya mutu, kwaɗi suka karɓe garin.