Layi Goma Sha Ɗaya

Lahadi, yayyafi tun asuba,
a tsohuwar mahaƙar dutse bayan ƙauyenmu, can arewacin Wales,
inda kakan Idwal ya bar yatsu biyu
da rabin huhunsa.
Yanzu tumaki ke gadin wurin, sai mu uku
da baburan da ba don nan aka ƙera su ba.

Nawa dogo ne, ga nauyin tsiya,
an yi shi ne don ya cinye hanya, ya watsa laka baya.
Sirdinsa ya kai mini ƙugu.
Masu hali kan zo da 'yan sirara marasa sirdi
da ke hawan dutse kamar awaki.
Mu kuwa, abin da ke cikin gareji
shi muka turo.

Idwal ya rage iskar tayata da tsinke,
ya danna da babban yatsa, ya ce ta yi.
"Tashi tsaye. Zama na mai zuwa cefane ne.
Yatsa ɗaya kan kuloci, ɗaya kan birki,
sauran takwas su kama bakinsu."

Heledd, mai raba wasiƙu a ranakun aiki,
ta hau katanga da ƙusa da ɓallin dutse.
Duk wanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa
sai ta ja masa layi, ba ta ko ɗago kai.

Hanyar ba ta kai taku sittin ba:
ka gangara ta gefen tsatsattsen ƙarfen jirgi,
ka shiga ƙorama, ka haura gungume,
ga matakala uku na dutse masu gansakuka,
ka juya a gindin ƙaya, inda ko keke sai ya yi shawara.

Na shiga da zafina.
Shekara ashirin ina murɗa totur in an tsorata ni,
hannu ya riga ya haddace.
Tayar gaba ta doki gungume, ta baya ta yi nata ra'ayi,
na tsinci kaina zaune cikin ruwa,
salansa na huci a kan gwiwata,
wata tunkiya na kallona tana tuƙa.

Idwal ya wuce ni, shekara sittin da uku,
injinsa na tari ƙasa-ƙasa kamar mai jin kunyar baƙi.
A gaban matakala ya tsaya cak.
Ƙafa biyu a sama, babur bai motsa ba, bai faɗi ba.
Na ƙirga numfashina, huɗu.
Sannan ya durƙusa kaɗan, ya saki yatsa,
tayar ta ɗaga kai ta ɗora haɓa a kan dutsen
kamar kare a cinyar mai shi.

"Kada ka kalli abin da kake tsoro," in ji shi,
"babur na bin ido ne. Kalli inda za ka sauka."

Karo na bakwai, damatsana sun zama itace,
ruwa na kuka cikin takalmi.
Na shiga ƙoramar a giya ta ɗaya, a hankali har na ji kunya.
Na ji kowane dutse ta tafin ƙafa,
wannan mai santsi, wancan mai girgiɗi.
Gungume ya wuce ta ƙarƙashina.
Mataki na farko. Na biyu.
A na uku inji ya shaƙe, duniya ta karkata hagu,
ƙafata ta fita neman ƙasa da kanta,
na kira ta, ta dawo.

Ban san wa ya yi ihu ba. Wataƙila ni ne.
A gindin ƙayar dai na dafa ƙasa, har sau biyu.

Muka sha shayi a murfin fulas, muna karɓa-karɓa.
Heledd ta miƙo mini ɓallin: layi goma sha ɗaya.
Na Idwal babu ko ɗaya, ya jefa shi cikin ruwa.
Nawa yana kan tagar kicin,
kusa da makullin babur.