Idon Kyamarar Baba Gariba

A Adum, bayan tsohon gidan waya,
akwai shagon da bai kai faɗin tabarma biyu ba.
Can na kai idon kyamarar Baba,
naɗe cikin safa, safar cikin gwangwanin madara.

Dattijo Fosu bai amsa gaisuwata ba
sai da ya ɗaga shi ga ƙwan lantarki.
Ya juya. Ya sake juyawa.
A gefen gilashin wani bakan gizo ya kwanta,
irin wanda baƙin mai ke yi bisa kwatar Aboabo
in ruwa ya kwana yana zuba.

Ya ce, da Hausarsa ta kasuwa:
Gilashi biyu ne nan, kai ɗaya kake gani.
Ƙaron itace ya riƙe su tun ba a haife ka ba.
Ba faɗa suka yi ba. Ƙaron ne ya gaji.

Na ce, nawa?
Ya ce, sidi ɗari shida, kuma ban ɗaukar maka alkawari ba.
Dafa shi zan yi cikin ruwa, sannu sannu,
in ya ga dama ya rabu, in ya ga dama ya tsage.
In ya rabu, in wanke, in ɗiga sabon ƙaro,
in zaunar da cibiya kan cibiya.
Kuskuren silin gashi ɗaya,
amarya ta fito maka da hanci biyu.
Sabo kuwa yana Kejetia, ɗari tara,
cikin kwalinsa, har da takarda.

Asabe ta bugo daga Ankara:
Kai dai ba ka rabo da tarkace.
Suna uku ke jiranka wannan watan,
da hazo za ka ɗauki jariran mutane?
Ban musa ba. Yayata ba ta iya ƙarya,
shi ya sa zama da ita ke da wuya.

Amma ta wannan ido fataken goro suka bi
suka manne a fasfo.
Alhazan Asawase, kunnuwa waje, ba murmushi.
'Yan ƙwallon layinmu, ƙafa goma sha ɗaya kan ƙwallo guda.
Kafin kowane ɗauka Baba sai ya hura masa numfashi,
ya goge da bakin riga,
abin da Fosu ya ce ko maƙiyi ba ya yi wa gilashi.

Na dawo da shi gida ban yanke ba.
Da la'asar na ɗauki Inna bakin taga tana tsince wake.
Tsakiyar hoton tar, har zanen goshinta,
gefe kuwa kamar hayaƙin mai ƙosai ya ratsa.
Ta kawo shi dab da hanci, ta daɗe.
Ta ce, ai daidai ya fito.
Haka nake ganinku shekara biyu ke nan.

Ashe likitan babban asibiti ya gaya mata tun bara:
yanar idonta ba ta wankuwa,
sai an cire nata an sa na roba.
Ta ɓoye takardar ƙarƙashin katifa.
Ta ce, nawa an ce ba gyara.
Na ubanka tunda yana da gyara, me kake jira?
Na ce, in kin yarda mu je ranar Talata.
Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Yau Litinin. Ina kan bencin Fosu.
Ya ɗora gwangwani kan risho, ya kashe rediyo,
ya ce kar in yi magana, kar in yi tari.
A waje masu tirotiro na kiran Tafo, Tafo.
Ruwan ya fara ƙananan idanu a gindin gwangwani.
Fosu ya ɗauki tsinken tsintsiya,
ya taɓa gefen gilashin,
ya dakata.