Abin da Aci-balbal Ta Sani

Ni na kafa ginshiƙan da ke riƙe da rufin ramin nan,
shekarar da gero ya bushe a tsaye.
Mu tara muka gangaro daga Ƙanƙara da diga da kwando,
muna tonon farar ƙasa, buhu a kan buhu.
Yau saura ni da Mati,
shi kuwa in an taɓo zancen, tashi yake.

Ƙirya muka saro, don gara ba ta cin ƙirya.
Haka muka ce.
Amma damina talatin ba ta ji abin da muka ce ba.
Ta tsiyaya ta tsagar dutse,
ta jiƙa gindin kowane itace,
har in ka danna yatsa ya nutse kamar cikin dussa.

Ran Laraba Lawandi ya same ni a inuwar bedi.
"Baba Nagoma, an ce can ciki kashin jemage ya kai gwiwa.
Ga taki ya yi tsada, ga albasata ta soma rawaya."
Na ce, ɗan nan, ramin da masu shi suka guje masa
ba gado ba ne, bashi ne.
Ya yi dariya, ya zaro waya,
ya haska mini fitilarta da rana tsaka.

Na ce, mu da aci-balbal muke shiga.
In harshenta ya gajarce, ya yi shuɗi, ya kwanta,
nan muke yar da diga mu fito da baya.
Mugunyar iska ba ta wari, ba ta sallama,
barci take kawowa, mai daɗi, irin na bayan tuwo.
Fitilarka ba ta numfashi, yaro.
Za ta ci gaba da haske bayan kai ka daina.

Bai kai Juma'a ba.
Ƙanensa Jabiru ke riƙe da igiya a baki.
Ya ce ta motsa sau biyu, sannan ƙasa ta yi nishi,
farar ƙura ta fito kamar an kaɗe buhun gari,
jemagu suka watse cikin hantsi.
Ya ja, ya ja, igiya ta ƙi zuwa.

Shekarata saba'in da ɗoriya, gwiwata ba ta son ruku'u,
amma ba wanda ya san kwanar ramin sai ni.
Na kunna tsohuwata, na ja ciki.
Kwana ta fari, ruwa ƙirin, ban san zurfinsa ba.
Ta biyu, tsakuwa na zubo mini a ƙeya, ɗai-ɗai,
yadda rufi ke gyaran murya kafin ya yi magana.
Ta uku, harshen wuta ya rusuna.
Can gaba, bayan ginshiƙin da na kafa da hannuna,
hasken wayarsa na nan, tas, yana kallon bango.

Ƙafa na kama. Ban kira sunansa ba,
a irin wurin nan ko tari tsokana ne.
Na ɗaura igiya, na girgiza, mazan waje suka ja mu.

Ya rayu. Ya dawo daga asibitin Katsina da sanda,
ƙafar hagu ta manta hanyar gona.
Albasa ta bushe. Ba wanda ya tambaye ta.

Mun tara ƙaya da duwatsu a bakin ramin.
Kullum bayan la'asar nan nake zama, da carbi da buta,
ina gadin abin da na tona.
Jiya, ta bayan geza, na ji yara biyu na raɗa:
"Wayar tana ciki fa.
Sabuwa ce."